Gyaran hoto ya tsaya a WordPress, a taimaka

Hajiya Mai Jaka: Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Ina neman taimako a kan shafin da muke sayar da kayan fata, jakunkuna da takalma da matasai da muke karɓowa daga wurin dukawa. WordPress ne, manhajar kafa shafi, da WooCommerce, wanda ake sayar da kaya da shi a cikinsa. Tun makon jiya idan na shiga wurin hotuna na danna Edit Image, allon gyaran yana buɗewa amma hoton ba ya fitowa, sai wani jan rubutu: "Could not load the preview image. Please reload the page and try again." Ba na iya yanke hoto, ba na iya juya shi, ba na iya rage girmansa. Ɗora sabon hoto kuwa yana yi lafiya lau, kuma masu shiga shafin suna ganin kaya yadda ya kamata. Yaron da ya kafa mana shafin ya tafi bautar ƙasa, inda yake sabis ba ya kamawa sosai. Ga Sallah na matsowa, ga sababbin takalma da nake son sakawa.

Ɗan Jami'a: Wa alaikumus salam Anti. Ki fara da mai sauƙi. Ki goge kash ɗin burauzarki, wato tsofaffin fayilolin shafuka da take ajiyewa, ko ki buɗe shafin a wata burauza daban. Sau da yawa tsohon fayil ne ke maƙalewa.

Hajiya Mai Jaka: Na yi, ƙanena. Chrome a kwamfuta, Firefox, har da wayata. Duk saƙo ɗaya ne.

Mai Kafe Gawon Nama: To Hajiya wanga aikin masu hostin ne, wato kamfanin da kika biya ya ajiye maki shafin, ba sai an yi dogon bincike ba. Na sha ganin shi. In sunka ɗaga PHP, yaren da WordPress ke aiki da shi, zuwa sabo, sai abin da ke sarrafa hoto ya kashe ba su kunna ba. Ki kira su ki matsa masu, kuɗinki kika biya.

Injiniya: Barkanku da yamma. Maganar Mai Kafe tana iya zama gaskiya, amma kafin a kira kowa bari mu duba, domin dubawar ba ta kai minti biyu ba. WordPress ba shi ne yake yanka hoto da kansa ba. Yana miƙa aikin ne ga ɗaya daga cikin manhajoji biyu da ke kan sabar, wato injin da shafin ke zaune a kai: Imagick ko GD. Tun fitowar 3.5 a 2012 haka tsarin yake: ya fara neman Imagick, in bai samu ba ya koma GD. In duka biyun babu, nan ne gyaran hoto ke mutuwa gaba ɗaya.

Hajiya, ki shiga Tools, sai Site Health, sai Info, ki buɗe sashen Media Handling. Ki kwafo mana abin da ke rubuce a layin Active editor da layin GD version. Ki leƙa sashen Server kuma ki faɗa mana lambar PHP.

Hajiya Mai Jaka: Ga shi Malam. Active editor: WP_Image_Editor_GD. GD version: bundled 2.1.0 compatible. Wurin ImageMagick an ce babu. PHP 8.1.

Injiniya: Madalla. GD yana nan kuma shi ke aiki. Ai da ma akwai alama tun a bayaninki na farko: duk lokacin da kika ɗora hoto, WordPress yana ƙirƙirar ƙananan kwafinsa, irin ɗan ƙaramin nan mai fiksel 150 a 150 da ake gani a jerin hotuna. GD ne yake yin su. Tunda suna fitowa, injin bai mutu ba.

Mai Kafe Gawon Nama: To izinin folda ne. Ta shiga cPanel, allon sarrafa shafi da masu hostin ke bayarwa, ta mayar da wp-content/uploads zuwa 777, magana ta ƙare.

Injiniya: A'a, don Allah kada a yi haka. 777 yana nufin kowane asusu da kowace manhaja da ke kan wannan sabar suna iya rubutu a cikin foldar, ga shi hostin irin namu na haɗaka ne, shafuka da yawa a kan inji ɗaya. Folda 755, fayil 644, shi ne ƙa'ida. Kuma a nan ma ba a buƙatarsa. Foldar da ba ta karɓar rubutu ba za ta karɓi sabon hoto ba, ita kuwa ta ce ɗorawa yana yi.

Mai Kafe Gawon Nama: Ni dai na yi wa mutane da dama kuma ya yi aiki.

Malama Rabi'atu ta Poli: Yana iya yin aiki a inda matsalar ta izini ce, Malam, amma kuɗin da ake biya daga baya ya fi yawa. Ɗalibaina sun kawo mini shafukan da aka cusa wa fayilolin PHP a cikin uploads suna tura mutane shafukan caca. Shafin da ake karɓar sunayen mutane da lambobin wayarsu da adireshinsu bai kamata a bar ƙofarsa haka ba.

Kawu Baduku: Salamu alaikum. Ni ban san kan wanga aiki na kwamfuta ba, ɗiyana ne sunka saka ni cikin gidan ga. Amma Hajiya, mi za ya hana ki yanke hoton ga waya kamin ki aza shi? Haka nig ga yaranmu na yi, su gyara shi tsaf sannan su tura. In ƙofa guda ta ƙi buɗuwa ga wata a buɗe, ai sai a bi ta.

Ɗan Jami'a: Gaskiya Kawu ya kawo shawara. Snapseed kyauta ne kuma ya fi editan WordPress nesa ba kusa ba. Ni ban taɓa amfani da na cikin WordPress ɗin ba ma.

Hajiya Mai Jaka: Kawu, Allah ya ƙara girma. Ga sababbin hotuna haka zan yi. Damuwata tsofaffin ne. Akwai hotuna masu yawa da ke kan shafin tun bara, wasu an ɗauke su da tabarma da ƙafar mutum a gefe, wasu sun karkace. In na ce sai na sauke kowanne, na gyara a waya, na sake ɗorawa, to kowane sabon hoto sai na koma na haɗa shi da kayansa ɗaya bayan ɗaya. Ga data, ga wuta da ba ta zama. In na gyara a ciki kuwa, hoton yana nan manne da kayansa.

Injiniya: Akwai wani dalili kuma da ya sa ban so a kauce a bar shi. Wannan allon yana aiki a da, yanzu ya daina. Wani abu ya canja a shafin, kuma ba mu san ko gyaran hoto kaɗai ya taɓa ba. Gobe yana iya zama rasit ɗin da ake sauke wa mai saye ne ya ƙi buɗuwa. Gara a san mene ne.

Hajiya, ki saka fulogin, wato ƙarin manhaja da ake liƙa wa WordPress, mai suna Health Check & Troubleshooting. A cikinsa akwai Troubleshooting Mode. Abin da yake yi shi ne ya kashe duk fulogin ya mayar da tim, wato rigar shafin, zuwa na asali, amma a wurinki ke kaɗai. Masu saye za su ci gaba da ganin shafin yadda yake. Ki kunna shi ki sake gwada Edit Image.

Hajiya Mai Jaka: Allahu Akbar, hoton ya fito! Na ma juya shi ya juyu.

Injiniya: To masu hostin sun fita daga zargi, shi ma WordPress ɗin kansa lafiyarsa ƙalau. Saura fulogin da riga. Kada ki adana komai tukuna. Ki riƙa kunna fulogin ɗaya bayan ɗaya kina gwadawa bayan kowanne, rigar kuma ki bar ta ƙarshe.

Hajiya Mai Jaka: Na kunna su duka har WooCommerce, yana aiki. Ina mayar da rigarmu sai jan rubutun ya dawo.

Mai Kafe Gawon Nama: Shi ke nan. Tim ɗin sata ne anka saka maki, irin waɗanda ake saukewa kyauta alhali na kuɗi ne. Ki cire shi ki saka wani.

Hajiya Mai Jaka: Ba na sata ba ne, Malam. Daga cikin WordPress ɗin aka sauke shi a gabana, kyauta ne da ma. Sai dai yaron ya ce ya yi masa ƙaramin tim a kai, wanda yake zuba gyare-gyarenmu a ciki. Launi da tsarin gaban shafin duk a nan suke. In na cire, aikin wata da watanni ya tafi.

Malama Rabi'atu ta Poli: Yaron ya yi daidai da ya yi ƙaramin tim, domin da a cikin babban ya yi gyaran, ranar da aka sabunta shi komai zai goge. Kada a cire komai. Injiniya, ina ganin lokaci ya yi da za a kalli abin da sabar take maidowa.

Injiniya: Haka ne Malama. Hajiya, a kwamfuta, ki danna F12 a Chrome, ki zaɓi Network, sannan ki danna Edit Image. Layuka za su zubo. Ki nemi wanda ya fara da admin-ajax.php kuma yana da imgedit-preview a cikinsa. Ki danna shi ki faɗa mana Status Code da Content-Type.

Dalilin da ya sa nake tambaya: kowace lamba tana nuna hanya daban. In 403 ce, katangar tsaron sabar ce irin ModSecurity ta tare buƙatar, sai masu hostin. In 500 ce, PHP ne ya faɗi a tsakiyar aiki, galibi mamori ko kuskuren rubutu, sai mu kunna WP_DEBUG_LOG mu karanta debug.log. In kuwa 200 ce, labarin ya bambanta.

Hajiya Mai Jaka: Na sa 'yata ta taya ni. 200 ne. Content-Type kuma image/jpeg. Girmansa ma ya nuna kilobayit da yawa, ba fanko ba ne.

Ɗan Jami'a: To wannan fa abin mamaki ne. Sabar ta ce komai lafiya, ta turo hoto, burauza kuma ta ce ba hoto.

Malama Rabi'atu ta Poli: Ba abin mamaki ba ne in ka san ta inda wannan hoton yake biyowa. Hotunan da masu saye suke gani fayiloli ne da ke zaune a uploads, sabar tana miƙa su kai tsaye, PHP ba ya taɓa su. Na allon gyara kuwa ba haka ba ne. WordPress ne yake tashi gaba ɗayansa, ya loda fulogin, ya loda functions.php na riga, sannan ya sa GD ya zubo hoton bayit bayan bayit. Duk wani abu da ɗaya daga cikin waɗannan fayiloli ya fitar kafin a kai ga hoton, to shi zai riga hoton isa.

Fayil ɗin JPEG kuma dole ya fara da bayit biyu, FF D8. Su burauza take dubawa ta gane hoto ne. In layi ɗaya fanko ya shiga gabansu, ta daina gane shi. Mafi yawan lokaci abin da ke jawo haka shi ne fili kafin alamar buɗe PHP a saman fayil, ko layukan fanko bayan alamar rufewa a ƙasansa.

Hajiya, ki buɗe adireshin shafinki ki ƙara /wp-sitemap.xml a ƙarshe. In akwai layin fanko, burauza takan yi ƙorafin cewa bayanin XML bai zo a farko ba.

Hajiya Mai Jaka: Ya buɗe lafiya Malama, jerin adireshi ne kawai, babu ƙorafi.

Ɗan Jami'a: Ashe ba shi ba ne. Mu koma kan PHP 8 mana. Na karanta cewa tun 8.0 da ya fito a 2020 an canja yadda GD ke riƙe hoto, tsofaffin tim da ke tambayar is_resource suna rikicewa.

Malama Rabi'atu ta Poli: Abin da ka karanta gaskiya ne, kuma yana karya tsofaffin fulogin na hoto. Amma da shi ne, da wuya mu ga 200 da cikakken nauyin hoto. Gwajin da na bayar ya kore layin fanko ne kawai. Akwai abu guda da yake tsallake shi, shi ne BOM: bayit uku, EF BB BF, da wasu manhajojin rubutu suke liƙawa a farkon fayil don nuna cewa UTF-8 ne, wato tsarin adana haruffa da ke ɗaukar rubutun kowane harshe. Ido ba ya ganinsu. Ƙa'idar XML ta yarda da su a farko, shi ya sa taswirar shafin ba ta yi ƙorafi ba. Burauza ma tana zubar da su in rubutu take karantawa, shi ya sa sauran shafin yake tafiya. Hoto ne kaɗai ba ya yafe su.

Hajiya, tambaya ɗaya. Akwai wanda ya rubuta Hausa a cikin fayilolin rigar kwanan nan?

Hajiya Mai Jaka: Ƙwarai kuwa. Kafin yaron ya tafi na roƙe shi ya mayar da maɓallan saye zuwa Hausa saboda matan da ke saye daga Gusau da Birnin Kebbi da Ƙonni. Ya rubuta "Ƙara a kwando" da "Biya kuɗi". A tsohuwar kwamfutar shago ya yi, mai Windows 7.

Injiniya: Malama ta kamo bakin zaren. Notepad na Windows 7 yana adana fayil ne a tsarin ANSI, wanda ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Da zarar ka rubuta su, sai ya gargaɗe ka cewa haruffan za su ɓace, ka zaɓi wani tsari. Ka zaɓi UTF-8, wanda shi ne zaɓin da ya dace, sai ya liƙa BOM ba tare da ya faɗa maka ba. Sai a 2019 ne Notepad na Windows 10 ya koma adana UTF-8 marar BOM da kansa.

Mai Kafe Gawon Nama: Amma Injiniya, abin da na sani shi ne in anka samu irin wanga, shafin kan yi ta ihun "headers already sent", shiga ma ba a iya yi. Ita ko tana shiga.

Injiniya: Tambaya mai kyau. Haka ake gani a sabar da ba a kunna output_buffering ba. Masu hostin da yawa suna kunna shi, sai PHP ya riƙa tara abin da zai fitar kafin ya tura. Saboda haka babu gargaɗi, shiga yana yi, amma bayit ukun suna nan zaune a gaban layi suna jiran duk abin da zai fito.

Hajiya ga yadda za ki yi, a hankali:

Ki shiga File Manager a cPanel, wp-content, themes, foldar ƙaramin tim ɗin. Ki sauke functions.php, ki yi kwafinsa ki ajiye a wani wuri kada ki taɓa. Ki buɗe ɗayan da Notepad++, kyauta ne. Ki kalli ƙasa ta hannun dama, zai rubuta tsarin fayil ɗin. In kin ga UTF-8-BOM, ki je Encoding ki zaɓi Convert to UTF-8, ki adana. Kafin ki rufe ki gangara ƙarshen fayil ɗin, in akwai ?> a layin ƙarshe ki goge shi tare da duk filin da ke bayansa, PHP ba ya buƙatarsa a nan. Sai ki ɗora shi a kan tsohon.

Ga masu Terminal a cPanel ɗinsu, wannan layin yana tono duk fayil ɗin da ke da waɗannan bayit ɗin:

grep -rl $'\xEF\xBB\xBF' wp-content/themes

Hajiya Mai Jaka: Sai bayan Isha'i zan iya, yanzu ina hanyar Babbar Kasuwa karɓar kaya.

Hajiya Mai Jaka: Jama'a barkanku da dare. UTF-8-BOM ne aka rubuta a ƙasan, daidai yadda aka faɗa. Na canja, na ɗora, na fita daga Troubleshooting Mode. Hoton ya fito da rigarmu, na yanke na adana. Maɓallan Hausar ma suna nan ba abin da ya same su. Malama, Injiniya, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Mai Kafe da Kawu da ƙanena, na gode da lokacinku.

Kawu Baduku: Alhamdu lillahi. Allah shi ba da kasuwa.

Mai Kafe Gawon Nama: Amin. Amma ni darasin da nig gani shi ne a daina saka haruffan ga masu lanƙwasa cikin shafi. A rubuta k da d da b kawai, kowa na ganewa. A waya ma haka mutane ka rubutawa, kuma mai neman kaya ga Google ba shi saka lanƙwasa.

Malama Rabi'atu ta Poli: A nan kam ban yarda ba, Malam. Haruffan ba su yi laifin komai ba, tsohuwar manhaja ce ta liƙa abin da ba a ce ta liƙa ba. Da Larabci ya rubuta ko Faransanci mai wasu alamomi da ANSI ɗin kwamfutar bai ɗauka ba, haka za ta faru. WordPress yana ɗaukar rubutunmu ba tare da wata matsala ba, tun 4.2 a 2015 ma ma'ajiyar bayanansa ta koma utf8mb4. Gboard yana da allon Hausa. Mu da muke koya wa yara ƙa'idar rubutu a aji, ba za mu zo kan intanet mu ce a zubar da ita don sauƙi ba. Shagon da ya rubuta Hausa daidai, mai saye yana ganin an girmama shi.

Mai Kafe Gawon Nama: To ai wasu shafukan in ka saka ƙ sai ta fito da wani fasali daban cikin kalma, ko akwati fanko. Wanga girmamawa ne?

Malama Rabi'atu ta Poli: Wannan matsalar zanen haruffa ce, wato font ɗin da aka zaɓa ba shi da su, sai burauza ta aro daga wani. A zaɓi wanda yake da su, irin Noto Sans, a gwada ƙ ɗ ɓ manya da ƙanana kafin a tsayar da shi. Maganarka ta masu bincike kuwa tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa nake barin adireshin shafi ba lanƙwasa, amma rubutun da mutum zai karanta a yi shi daidai.

Injiniya: Ina bayan Malama. Abin da zan ƙara shi ne fassarar maɓalli ba a cikin functions.php ya kamata ta zauna ba tun farko. Akwai Loco Translate, daga cikin allon WordPress za ki nemi kalmar ki rubuta Hausarta, ba ki taɓa fayil ɗin PHP ba balle a samu irin wannan. Hajiya, in yaron ya samu sabis ki gaya masa ya mayar da su can.

Maman Khalifa Mabera: Ina ta bin zancen nan shiru. Ni tawa daban ce amma ta hoto ce. Ina sayar da kilishi da dambun nama. Na canja waya mai kyamara megafiksel 50. In na ɗora hoto sai ya yi ta juyawa, daga baya ya ce sabar ba ta iya sarrafa hoton ba, in gwada wanda bai wuce fiksel 2560 ba. Hoton kuwa megabayit 12 ne kawai, ni kuma an ce mini ina da damar ɗora har 64.

Injiniya: Taki ta mamori ce, Maman Khalifa. Megabayit 12 ɗin nauyinsa ne a matse. Kawu zai fi ni sanin wannan: fata in tana naɗe, ƙarƙashin hammata ma ta shiga, amma ranar da za a yanka ta sai an shimfiɗa ta duka, kuma wurin shimfiɗar ne abin nema. GD sai ya baje hoton gaba ɗaya a mamori, kowane fiksel yana cin kimanin bayit 4. Fiksel miliyan 50 sau 4, megabayit 200 ke nan, kafin ma a fara yin ƙananan kwafi. WordPress kuwa iyakar da yake nema wa aikin hoto in ba a canja ba megabayit 256 ce, wasu masu hostin ma ba sa barin a kai nan. Hoton megafiksel 12 kuwa megabayit 48 zai ci, ya wuce salin alin.

Kuma wahalar banza ce, domin tun 5.3 a 2019 duk hoton da ya wuce fiksel 2560 WordPress rage shi yake yi, ya ƙara masa -scaled a suna, wannan ragaggen ne ake nunawa. Ki cire kyamarar daga yanayin 50, ko ki rage hoton a waya zuwa faɗin 2000 kafin ki ɗora. Datarki ma za ta huta.

Kawu Baduku: To kun ga inda shawarata ta yi rana.

Injiniya: Ta yi kuwa, Kawu. Ga sabon hoto ita ce hanya.

Hajiya Mai Jaka: Tunda ana maganar, akwai abin da ya daɗe yana damuna. Jan fatarmu, wadda aka san Sakkwato da ita, a wayata ja ne mai ƙarfi, amma a ƙananan hotunan shafin sai ya fito a koɗe. Wata mai saye daga Abuja ta ce jakar da ta iso mata ta fi ta hoton kyau. Na ji daɗi, amma nawa ne suka ga hoton suka wuce?

Malama Rabi'atu ta Poli: Wace waya kike ɗauka da ita?

Hajiya Mai Jaka: iPhone ɗin 'yata.

Malama Rabi'atu ta Poli: To ga dalili. iPhone yana ɗaukar hoto da ma'aunin launi mai faɗi da ake kira Display P3, kuma yana saka bayanin hakan a cikin fayil ɗin don burauza ta san yadda za ta fassara launukan. GD ba ya riƙe wannan bayanin, in ya yi ƙaramin kwafi sai ya yar da shi. Burauza sai ta ɗauka sRGB ne na yau da kullum, launuka masu ƙarfi kamar ja su ne suke fara dusashewa. Imagick kuwa yana barin bayanin a ciki. Ga mai sayar da siminti ba komai, amma ke launi kike sayarwa.

Injiniya: Kuma Site Health ɗinki ya nuna babu Imagick. Ki duba cPanel ko akwai Select PHP Version. In akwai, ki buɗe Extensions ki nemi imagick ki saka masa alama, kada ki cire ta gd. In babu wannan wurin, nan ne za ki rubuta wa masu hostin, ki ce su kunna miki imagick a PHP 8.1. Da ya kunnu WordPress zai koma kansa da kansa, za ki ga Active editor ya zama WP_Image_Editor_Imagick.

Mai Kafe Gawon Nama: A yi hattara dai. Imagick a ƙaramin hostin yakan yi nauyi, na ga inda ɗora hoto ya riƙa tsayawa sai da anka koma GD.

Injiniya: Gaskiya ne wannan, yana faruwa a inda aka ƙuntata wa asusu ƙarfin inji. Shi ya sa na ce kada ta cire gd. Ta kunna, ta ɗora hoto biyu ko uku ta gani. In ya yi nauyi ta cire alamar, sai ta riƙa mayar da hotunan sRGB tun kafin ɗorawa.

Hajiya Mai Jaka: Akwai shi, na kunna. Na ɗora hoton jan takalmi ɗaya, ƙaramin ya fito da launinsa. Tsofaffin fa?

Injiniya: Tsofaffin ƙananan GD ne ya yi su, sai an sake yin su daga manyan. Fulogin Regenerate Thumbnails yana yin haka. Ki yi kwafin ajiya na shafin duka tukuna, kuma ki yi aikin da dare lokacin da masu saye suka ragu. Abu ɗaya ki sani: waɗanda GD ya riga ya rage zuwa -scaled, da waɗanda kika yanke yau kafin ki kunna Imagick, bayanin launinsu ya riga ya tafi. Ga waɗanda kika yanke, akwai Restore original image a allon gyaran, ki dawo da na asali ki sake yankewa yanzu.

Hajiya Mai Jaka: Guda huɗu ne kawai na yanke, zan sake su yanzu. Sauran sai gobe da dare in an kawo wuta.

Maman Khalifa Mabera: Ni ma na rage nawa zuwa 2000, ya hau nan take. Injiniya, imagick ɗin nan ni ma in kunna ne, ko kilishi bai buƙata?

Injiniya: Ki ɗora ɗaya ki kwatanta launin yajin da na wayarki. In iri ɗaya ne ki bar shi yadda yake.